Kafin Mu Gina Gidan Marayu, Wa Zai Yi Renon?

A daren 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar man fetur ta faɗi a garin Majiya da ke Ƙaramar Hukumar Taura, ta kama da wuta, mutane fiye da 150 suka rasa rayukansu, da yawansu samari ne da magidanta. Shekara 2 kafin wannan, a daminar 2022, ambaliyar ruwa ta cinye gidaje da gonaki a sassa da dama na Jihar Jigawa. Waɗannan su ne masifun da jaridu da gidajen rediyo suka ba da labarinsu. Akwai kuma waɗanda ba mai bugawa, kamar uwar da ta rasu a wajen haihuwa a wani ƙauye na Gwiwa, ko uban da mota ta kashe a hanyar Kano zuwa Daura, ko kuwa wanda ya tafi ci-rani Kudu ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kowace irin wannan mutuwa ko ɓacewa tana barin yara a baya.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan a taron dattawan ikilisiya, ko a taron Zumuntar Mata, wani ya miƙe ya ce, me zai hana mu ma mu gina gidan marayu namu? Niyya ce mai kyau, domin wasiƙar Yakubu ta sa kula da marayu da gwauraye a cikin ma'aunin ibada ta gaskiya. Sai dai da zarar an buɗe maganar, nan da nan sai ta koma kan fili, da bulo, da kwanon rufi, da rijiyar burtsatse, da wanda za a gayyato ya yanke kirtani ranar buɗewa. Ba kasafai ake tsayawa a yi tambayar da ta fi waɗannan duka nauyi ba. Tambayar kuwa ita ce: wace ce za ta goya yaron, yara nawa za a haɗa mata, shekara nawa za ta yi tare da su, kuma wa zai biya ta?

Masana a ƙasashe dabam-dabam sun shafe fiye da shekara 70 suna binciken wannan al'amari, kuma abin da suka gano ya shafe mu kai tsaye, mu Kiristocin Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, waɗanda ba mu da yawa, kuma baikonmu bai taka kara ya karya ba.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu

Tara yara a wuri ɗaya a rene su nesa da iyayensu yana cikin tarihin ikilisiyar wannan yanki. A ƙarshen shekarun 1930 aka bar wa mishan ta SIM riƙon gidajen masu cutar kuturta na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A wancan zamani akan raba yara lafiyayyu da iyayensu masu cutar domin gudun kada su kamu. A nan Roni kuma mishan ɗin ta riƙe makarantar kwana ta yara maza. Daga irin waɗannan wurare ne aka sami malamai da ma'aikatan asibiti da masu bishara na farko a ƙasar Hausa, kuma ba mu da bakin gode wa Allah saboda su. Amma duk wanda ya taɓa zama da tsofaffin da suka tashi a hannun mishan ya san cewa ilimin da suka samu bai share musu kewar gida ba. Iyayenmu sun yi abin da suka sani a zamaninsu. Mu kuwa an ba mu sanin da su ba su samu ba, kuma za a tambaye mu a kansa.

Abin da bincike ya nuna

Bari mu fara da Ingila. A shekarun 1970 wata masaniya mai suna Barbara Tizard ta bi diddigin yaran da suka tashi a gidajen reno na birnin Landan. Waɗannan gidaje ba su rasa komai ba, akwai abinci mai kyau, akwai tsabta, akwai littattafai da kayan wasa, akwai ma'aikata isassu. Amma ma'aikatan suna yawan sauyawa, kuma ana hana su shaƙuwa da wani yaro na musamman. Da aka ƙirga, sai aka tarar yaro ɗan shekara 2 ya riga ya bi ta hannun masu reno kimanin 24, kafin ya kai shekara 4 da rabi kuwa sun kai wajen 50. Ƙwaƙwalwar yaran ba ta daƙushe ba, sai dai da yawansu sun tashi ba su san nasu ba. Duk baƙon da ya shigo sai su ruga su rungume shi, bayan shekaru kuma aka ga suna shan wahalar yin abota da tsararrakinsu.

Sai kuma ƙasar Romaniya. Da gwamnatin Nikolai Causesku ta faɗi a watan Disamba 1989, duniya ta ga yara fiye da 100,000 jibge a gidajen gwamnati. Baƙin da suka shiga ɗakunan jarirai sun ba da labarin wani irin shiru mai ban tsoro, domin jariran sun daina kuka tun da sun ga kukan ba ya kawo kowa. A shekarar 2000 wasu masana uku daga Amurka, Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah, suka fara wani bincike a Bukarest, babban birnin ƙasar, da yara 136 'yan wata 6 zuwa wata 31. Aka yi ƙuri'a, rabinsu aka ba iyalai riƙo, aka horar da iyalan, ana biyansu, ana kuma ziyartarsu, rabi kuma suka ci gaba da zama inda suke. Da yaran suka kai shekara 4 da rabi aka auna kaifin basirarsu da ma'aunin da yaro matsakaici yake samun maki 100. Waɗanda aka bari a gidan marayu suka sami kimanin 73, waɗanda aka ba riƙo 81, yaran gari da suka tashi gaban iyayensu kuwa 109. An buga wannan a 2007. Wani abin lura shi ne, waɗanda aka fitar kafin su cika shekara 2 sun fi sauran farfaɗowa. Ashe gaskiyar masu iya magana ne da suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wani zai ce ai Romaniya wuri ne na yunwa da ƙazanta, mu ba haka za mu yi ba. To, ga binciken da ya fi dacewa da tambayarmu. A birnin Sen Fitasbag na ƙasar Rasha, masana daga Rasha da Amurka sun yi aiki a gidajen jarirai guda 3, suka buga sakamakon a 2008. A waɗannan gidaje abinci da magani da tsabta duk sun wadata. Matsalar ita ce ana haɗa yara 12 zuwa 14 a ɗaki guda, ma'aikata suna aikin karɓa-karɓa, wadda ta zo yau ba za a sake ganinta ba sai bayan kwanaki, kuma duk lokacin da yaro ya ƙara girma sai a ɗauke shi a kai shi wani ɗaki wurin sababbin fuskoki. Kafin ya cika shekara 2 yakan bi ta hannun mutum 60 zuwa 100. Ana yi masa wanka, ana ba shi abinci a kan lokaci, amma ba mai yi masa magana, ba mai kallon idonsa.

A gida na farko masanan ba su taɓa komai ba. A gida na biyu suka horar da ma'aikata kawai. A gida na uku suka horar da su, sa'an nan suka sake tsarin aikin gaba ɗaya: aka rage yaran kowane ɗaki zuwa 6 ko 7, aka ba kowane ɗaki mata biyu tsayayyu yadda kullum ɗayarsu tana nan, aka daina kwashe yara daga ɗaki zuwa ɗaki, aka gauraya manya da ƙanana da naƙasassu kamar yadda ake samu a gida, aka kuma ware lokaci safe da yamma da ake rufe ƙofa ba baƙo mai shiga. Yaran gida na uku suka wuce sauran nesa ba kusa ba, a wajen magana da wayo da shaƙuwa da masu renonsu, har tsawo da nauyi suka ƙara, alhali ba a ƙara musu ko cokali ɗaya na abinci ba. Gidan da aka ba horo kawai kuwa, canjin da aka gani a yaransa kaɗan ne. Wannan darasi ne gare mu masu son kiran taron bita na kwana uku mu raba takardar shaida mu ce an gama. Ko an koya wa mace yadda ake rarrashin yaro, in an bar mata yara 14 ita kaɗai, ba ta da hannun da za ta yi abin da aka koya mata.

Domin mu yi adalci, akwai binciken da ya zo da wani abu dabam. A 2009 Kathryn Whetten ta Jami'ar Duke da abokan aikinta sun gwada yara kusan 3,000 'yan shekara 6 zuwa 12 a ƙasashen Habasha da Kenya da Tanzaniya da Indiya da Kambodiya, wasu a gidajen marayu, wasu kuma marayu ne a hannun dangi da sauran jama'ar gari. Ba su tarar na gidajen marayu sun fi shan wahala ba, a wasu fannonin ma sun ɗara. Amma a lura da abu biyu. Yaran ba jarirai ba ne, sa'an nan da yawa daga cikin gidajen ƙanana ne, masu renon suna kwana suna tashi tare da yaran shekara da shekaru. Bambancin da ke tsakanin gida mai kyau da maras kyau ya fi bambancin da ke tsakanin gidan marayu da gidan dangi. Ke nan wannan bincike ma kan mai reno ya dawo da mu.

A 2020 wani kwamitin masana da mujallun likitanci na Lancet suka kafa ya tattara bincike fiye da 300 da aka yi a ƙasashe fiye da 60. Suka ƙiyasta cewa yara wajen miliyan 5.4 ne ke zaune a irin waɗannan gidaje a duniya, suka kuma tabbatar da cewa zaman yana tauye girman jiki da na ƙwaƙwalwa, musamman ga ƙanana, kuma yara sukan farfaɗo idan aka mayar da su cikin iyali da wuri. Tun a 2009 ma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wasu ƙa'idoji da suka ce yaro ɗan ƙasa da shekara 3 a cikin iyali ya kamata a rene shi, kuma talauci kaɗai bai isa dalilin raba yaro da danginsa ba.

Mu zauna mu yi lissafi

Yanzu mu dawo gida. Yadda aka saba yi a ƙasarmu shi ne, idan an gama gini sai a nemo wata gwauruwa mai tsoron Allah a ce mata aikin Ubangiji ne, a riƙa ba ta ɗan abin sabulu. A haɗa mata yara 20, ita ce girki, ita ce wanki, ita ce jinya da dare, ba ranar hutu, ba mai karɓarta. Bayan shekara ɗaya ko biyu ta gaji, ko ciwo ya kama ta, ko 'ya'yanta su zo su ɗauke ta. Sai a kawo wata. Tsakanin wannan da waccan a cike gurbi da 'yan mata masu jiran sakamakon jarrabawa, ko masu yi wa ƙasa hidima waɗanda shekara guda ce tasu. Kowace ta tafi, yaron ya sake yin maraici, kuma ba mai zuwa yi masa ta'aziyya. Mai renon da gajiya ta yi wa yawa kuma, bulala ce take zame mata mataimakiya, ko da kuwa ita ba muguwa ba ce.

In muna so mu bi abin da aka gwada aka ga amfaninsa, ga yadda lissafin yake. A ce gida ne na yara 24. In aka raba su shida-shida, ɗaki 4 ke nan. Kowane ɗaki mata biyu tsayayyu, mutum 8 ke nan, a ƙara biyu masu karɓar wadda ta tafi hutu ko ta kwanta ciwo, sun zama 10. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli 2024 shi ne Naira 70,000 a wata. Albashin masu reno kaɗai ya kama Naira 700,000 a wata, wato Naira miliyan 8.4 a shekara. Ba a sayi ko mudun gero ba, ba a biya kuɗin makaranta ko na asibiti ba, ba a ɗauki mai gadi ko mai dafa abinci ba. Kuma wannan nauyi ba na shekara ɗaya ba ne, domin jaririn da aka karɓa yau sai ya yi shekara 18 kafin a ce ya tsaya da ƙafarsa. Gini ana iya yinsa da gudummawar rana ɗaya, in an sami babban baƙo mai buɗe hannu. Albashi kuwa kowane ƙarshen wata yake ƙwanƙwasa ƙofa. Kowane sakataren kuɗi na ikilisiya ya buɗe littafinsa ya duba baiko da zakkar shekarar da ta wuce, ya faɗa wa dattawa gaskiya.

Kada kuma wani ya ce biyan mai reno yana rage ladan aikin. A Littafin Fitowa sura 2, da 'yar Fir'auna ta tsinci jariri Musa a bakin kogi, abu na farko da aka yi shi ne nemo mace guda da za ta shayar da shi, aka kuma yi mata alkawarin lada. Da ikon Allah macen nan uwarsa ce ta cikinsa. Fādar Masar ba ta rasa ɗakuna ba, amma a hannun mace ɗaya da aka biya aka bar shi har ya yi wayo.

Takarda da idon hukuma

Akwai wani gefe na maganar da ba za mu tsallake ba, domin shekarar 2019 ta koya wa Arewa darasi mai ɗaci. A watan Satumba na shekarar 'yan sanda suka fasa wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum kimanin 300, har da yara, wasu da sarƙa a ƙafa. A watan Oktoba aka fasa wani a Daura, nan maƙwabtanmu, aka sami mutum 67 a cikin mummunan hali. Iyaye ne da kansu suka kai 'ya'yansu waɗannan wurare da kyakkyawar niyya, abin da ya ɓata su shi ne ƙofa a rufe take, ba mai shiga ya duba. Kada mu ce wannan matsalar wasu ce. Duk inda aka tara yara a bayan katanga aka bar su da manya ba mai sa ido, ko da sunan wane addini aka yi, haɗarin ɗaya ne.

A cikin watan Oktoban nan dai aka gano yara 9 da aka sace daga Kano aka kai su Onica ta Jihar Anambara. Hankalin iyaye ya tashi ƙwarai, kuma suna da hujja. A cikin wannan yanayi ne, ranar Kirsimeti ta 2019, jami'an tsaro suka shiga gidan marayu na Du Merci a Kano, wanda Farfesa Solomon Tarfa da matarsa suka kafa a 1996. Aka kama farfesan, aka kwashe yara 27 daga gidan na Kano da reshensa na Kaduna aka kai su gidan yara na gwamnati da ke Nasarawa a Kano. Ya yi kusan shekara guda a tsare kafin ya sami beli. A watan Yuni 2021 babbar kotu ta wanke shi daga zargin satar yara. A watan Maris 2022 aka ɗaure shi shekara 2 bisa zargin cewa takardar rajistar gidan ta jabu ce, sa'an nan a watan Janairu 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe wannan hukunci ta sallame shi. Duk da haka, bayan wannan hukunci yara 16 sun ci gaba da zama a hannun gwamnati.

Darasi biyu muke ɗauka daga nan. Na farko namu ne. A inda muke zaune, gidan yara na Kirista zai kasance a ƙarƙashin ido mai kaifi, saboda haka dole takardunsa su fi na kowa tsabta: rajista da Ma'aikatar Mata ta jiha, da fayil ga kowane yaro mai nuna inda ya fito, da wanda ya kawo shi, da sa hannun dangi da mai unguwa da jami'in jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, da umarnin kotu inda ya wajaba. Nijeriya ta yi dokar 'yancin yara a 2003, Jigawa ta sa hannu a kan dokarta ta kare yara a watan Disamba 2021, Kano kuma a watan Mayu 2023. Wanda bai karanta dokar jiharsa ba kada ya karɓi ɗan kowa. Kuma yaron da aka san iyayensa Musulmi ne, hanyar gaskiya da zaman lafiya ita ce a taimaki danginsa su riƙe shi. Darasi na biyu na hukuma ne. Idan ana tuhumar babba, a tuhume shi, amma a tuna cewa kwashe yara dare ɗaya daga hannun waɗanda suka sani tun suna jarirai rauni ne a kansu, kuma binciken da muka kawo a sama ya nuna haka. Ma'aunin da za a auna gidan mishan da shi, a auna gidan gwamnati da shi.

Riƙo, gadonmu

To, in ba gini ba, sai me? Amsar tana cikin gidajenmu tun kaka da kakanni. Bahaushe ya ce ɗa na kowa ne, kuma kafin a san wani abu wai shi gidan marayu a ƙasar nan, kaka da goggo da inna da kawu da baffa su ne gidan marayu. Littafi Mai Tsarki ma ya nuna mana Esta, wadda ta rasa uwa da uba, ɗan'uwanta Mordekai ya ɗauke ta ya riƙe kamar 'yarsa. Akasarin yaran da muke kira marayu suna da uwa a raye, ko kaka, ko wani na jini. Abin da ya hana su riƙewa shi ne babu, wato kuɗin makaranta da na magani da abin sawa a tukunya a watannin bazara zuwa tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Naira 700,000 ɗin nan ta albashin wata guda, in aka raba ta Naira 20,000 ga kowane gida, ta isa gidaje 35, kuma yaran suna nan cikin danginsu, da harshensu, da gonar ubansu wadda in sun bar garin wani zai cinye.

Ƙasar Ruwanda ta gwada wannan hanya. A 2012 ta ƙirga yara 3,323 a gidajen marayu 33, ta ɗauki ma'aikata na musamman suna neman dangin yaran suna shirya su, ta kuma mayar da akasarin yaran cikin iyalai.

Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mun san yadda riƙo yake lalacewa. Mun san 'yar riƙon da ita ce ta fara tashi ita ce ta ƙarshen kwanciya, 'ya'yan gida suna makaranta ita tana yawon talla. Mun san agolan da ake zuba wa abinci a murfin kwano. Mun san gonar marayu da baffa ya sayar. A binciken Bukarest ba miƙa yara aka yi aka juya baya ba, an zaɓi iyalan, an koya musu, an tallafa musu, ana kuma zuwa dubawa a kai a kai. Wannan shi ne aikin da ikilisiya za ta iya yi fiye da kowa, domin mun san gidajen juna, kuma kowace Lahadi muna ganin yaran da idonmu.

Abin da muke ba da shawara

Kowace ikilisiya ta rubuta sunayen marayun da ke cikinta, da wanda yake riƙe da kowannensu, da ajin da yake a makaranta. A naɗa mutum biyu, mace da namiji, masu riƙon amana da rufin asiri, su riƙa ziyartar kowane gida sau ɗaya a wata, su kuma sami lokacin magana da yaron shi kaɗai a inda ake ganinsu. A ware baiko na musamman wanda ba za a taɓa shi don gini ko taro ba, a biya kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, a sayi hatsi da kaka lokacin da yake araha a ajiye domin rabawa da bazara. Idan magidanci ya rasu, dattawa su tsaya a rubuta abin da ya bari a gaban shaidu kafin a watse daga zaman makoki. Ikilisiyoyin da ke kusa da juna, daga Kazaure zuwa Roni da Gwiwa har Babura, su haɗa hannu su ɗauki ma'aikaci ɗaya mai horo a kan aikin jin daɗin jama'a, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Za a sami yaran da ba su da kowa, kamar jaririn da aka tsinta, ko wanda gidan danginsa ya zame masa haɗari. Irin waɗannan, a fara sanar da 'yan sanda da ofishin jin daɗin jama'a, sa'an nan a nemi iyali a cikin ikilisiya da za su karɓa ta hanyar doka. In kuwa ya zama dole a yi gida, to, ya zama ƙarami, yara 6 ko 7 da uwa tsayayya da mataimakiyarta, a cikin unguwa, suna zuwa makarantar da 'ya'yan kowa suke zuwa.

Gidajen da suke nan a Kano da Kaduna da Jos da muke kai wa ziyara lokacin Kirsimeti kuma, kada mu daina taimakonsu, amma mu sake salon taimakon. Bayan buhun shinkafa da katan ɗin taliya, mu tambayi shugaban gidan: yara nawa ke hannun mace ɗaya da dare? Wadda ta fi daɗewa shekararta nawa a nan? Yaushe aka biya su albashi na ƙarshe? Yaushe hukuma ta zo dubawa? Yara nawa aka mayar wa danginsu a bara? In Zumuntar Mata ta ɗauki nauyin albashin mai reno ɗaya na shekara guda, ta yi wa yaran abin da ya fi kayan biki. Kuma idan yaron da bai taɓa ganinmu ba ya rugo ya maƙale mana yana kiranmu Mama ko Baba, kada mu yi murna mu ɗauki hoto mu tafi. Mu gane cewa yana neman wanda zai zauna ne, mu kuwa da la'asar za mu hau mota.

Ubangiji, Uban marayu, ya ba shugabanninmu hikima, ya ƙarfafa hannuwan matan da suke wannan aiki dare da rana ba mai ganinsu, ya kuma sa mu zama masu cika abin da muka ɗauka. Amin.